Fulawar Ƙofar Gidan Dalhatu

Duk Toranke an san Malam Inuwa bai taɓa kama sunan Kamilu ba. Ɗansa ne na fari, mutanen da kuwa ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Ranar da aka yaye yaron ya miƙa shi ga ƙanensa Dalhatu, wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu, daga nan in zance ya biyo ta kansa sai dai ya ce "yaron nan". Kamilu ya tashi yana kiran Dalhatu Baba, shi kuwa Inuwa sai gaisuwa daga nesa, a durƙushe, kai a sunkuye. Shekara talatin Inuwa bai ga aibin wannan ba, sai da fulawa ta zo.

Bayan cirar gyaɗa Kamilu ya zo daga Kano, inda yake koyarwa, rungume da wata shuka a tukunyar ƙasa. Tun daga tashar Ajingi ya riƙo ta a kan babur kamar jaririya. Ganyenta sai sheƙi, furenta ja jawur. Inuwa yana zaune a dakalinsa yaron ya gaishe shi, ya wuce, ya dire ta a ƙofar gidan Dalhatu.

Abin ya tsaya wa Inuwa a rai. Shi ne fa mai lambu, shekara arba'in yana fama da iri da dashe. Dalhatu kuwa ko barkono ya dasa sai an yi masa ta'aziyya. Amma ga mutane suna tsayawa suna cewa, "Kai, Dalhatu, ɗanka ya iya zaɓe!" Kowane "ɗanka" sai Inuwa ya ji shi har ƙahon zuci. Kishi ne tsagwaronsa, ya kuma san kishi ne, sanin bai rage masa komai ba.

Matarsa Lami ta lura tuwo yana dawowa. Ta ce, "Malam, in fulawar ce, ka aika a sayo maka goma mana."

Ya ce, "Wa ya ce miki ita nake kallo?"

Da sanyi ya kankama, gefen ganyen ya fara ƙonewa. Inuwa ya san maganin abin tsaf, ai haka yake yi wa 'yan dashensa na gwaiba: a kafa zana ta ɓangaren da iska ke bugowa, a zuba ciyawa a gindi, a rufa buhun algarara da yamma a yaye da hantsi, ruwa kuma sai rana ta ɗaga. Dalhatu ina ya san wannan? Shi a wurinsa mai jin sanyi lulluɓa yake tun daga kai har ƙafa. Ya samo wata ƙatuwar baƙar leda ya kifa mata, ya ɗaure bakin tam da igiya, ko iska ba ta shiga.

Ya leƙo da fara'arsa ya ce, "Yaya, ya ka gani? Zan je garin Balan ɗaurin aure, sai jibi. Hakan ya yi ko?"

Inuwa ya dubi ledar. Ya san sanyin na asuba ne, da azahar rana na nan da zafinta, kuma abin da aka kulle a baƙar leda dahuwa zai yi. Kalma biyu ta isa. Sai ya ce, "Ai ɗanka ne ya kawo maka. Kai ka san yadda za ka yi da abarka."

Washegari da azahar ya ga ledar ta yi gumi daga ciki. Har ya miƙe, ya kai hannu kan igiyar, sai ya tuna yadda yaron ya wuce ƙofarsa ko waiwaye babu. Ya koma dakali ya zauna. Lami da ke zaure ta ce, "Malam, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere." Ya yi kamar da wani take.

Dalhatu ya dawo, ko buta bai ɗauka ba ya kwance igiyar. Wani ɗumi mai wari ya taso. Ganyen ya yi laƙwas kamar dafaffen rama, furen ya zube baƙi ƙirin. Inuwa ya taso a hankali, yana shirya fuskar jaje.

Dalhatu ya dafe kai ya yi salati. "Me zan ce wa yaron nan? Taka ce fa, Yaya."

"Tawa?"

"Taka. Wata biyar yana rainonta a bakin ɗakinsa a Kano. Ya ce ba zai iya haɗa ido da kai ya miƙa maka ba. Ya ce in riƙe ta sai sanyi ya wuce, kada ya ɗora maka wahala, sannan in kai maka ƙofar gida. Har cewa ya yi duk garin nan ba wanda zai san darajarta sai kai."

Inuwa ya durƙusa gaban tukunyar. Ya kankare reshe da farce yana neman ɗanyen kore, babu. Ya sauko tsakiya, ya sauko har gindi, ya tona ƙasar da yatsa. Ko'ina ya yi ruwan ƙasa, ya saki.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Kamilu ne ya faɗi haka?"

Dalhatu ya saki baki yana kallon yayansa. Tun ranar suna bai ji sunan nan ya fito daga wannan bakin ba.