Ba Rezo Ba Ne

A zagaye na ƙarshe, koriyar motar Bushira tana gabansa da abin da bai fi taku biyar ba. Jibo ya damƙe sitiyarin, zufa na gangaro masa ta bayan kunne. Minti arba'in ke nan yana bin ta, bai ga ta yi kuskure ko ɗaya ba. Kwana guda ce ta rage a hanyar, mai lanƙwasa zuwa hagu, daga ita sai layin ƙarewa.

Ta taka birki inda ta saba takawa. Shi ma ya taka. Sai ya hango ɗan fili tsakanin motarta da gefen hanya, filin da ya san bai isa mota ta shige ba. Ya ɗaga ƙafarsa daga kan birkin.

Sitiyarin ya girgiza a hannunsa. A kan allon kwamfutar, koriyar motar ta juya sau biyu ta bugi katanga. Dokar ƙungiyarsu a fili take, kuma kowa ya sa hannu a kanta: wanda ya buge wani ya fitar da shi daga hanya, zai rage gudu ya jira shi ya wuce, ko da hakan zai mayar da shi na ƙarshe. Jibo ya kalli madubi, ya ga motarta tana ƙoƙarin juyowa. Ya taka totur har ƙasa ya tsallake layin.

Ya zare abin sauraren daga kunnensa. Ɗakin ya yi tsit, ban da ƙarar fanka da kukan akuyar maƙwabta.

Malamin lissafi ne a wata kwaleji a Dogon Dutsi, shekarunsa talatin da bakwai. A ƙaramin ɗakin ƙofar gida ya kafa kayan tserensa: tsohon sitiyarin wasa da wani ya kawo masa daga Birnin Kebbi, kujerar mataccen taksi da mai walda ya yi wa ƙafafu, da wayar da yake ɗorawa a kan katanga saboda nan ne rezo, wato sabis ɗin intanet, ya fi kamawa. Su ashirin da biyu ne a ƙungiyar, daga Yamai, Maraɗi, Damagaram, Sakkwato har Wagadugu. Kowace Lahadi da hantsi kowa zai zauna a ɗakinsa su haɗu a intanet su yi tsere. Yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Wannan shi ne tseren ƙarshe na shekara, kuma kafin a fara, Bushira ce kan gaba a maki, shi yana biye da ita. Wanda ya zama zakara zai samu sabon sitiyari, a kuma kai shi Yamai ya wakilci ƙungiyar a babbar gasa.

Ya fita ya sauko da wayar. Saƙonni sun fara zuba a gurup ɗinsu. Bushira ta ƙare ta tara. Salman, wani mai sayar da wayoyi a Maraɗi wanda ya zo na biyu, har ya turo murya, yana kiransa Mushe, yadda ake ce wa malamin makaranta da Faransanci.

"Barka, Mushe Jibo! Mu dai mun ga komai. Rufe maka hanya ta yi. Ai na sha faɗa, in tsere ya yi zafi a ƙarshe, mace ba ta iya riƙe kanta."

Wasu suka yi dariya a rubuce. Wani ya sa bidiyon hatsarin wanda uwar na'urar gasar ta ɗauka. Jibo ya kalla a tsaye cikin rana. Daƙiƙa biyu kafin karon, motarsa ta ɗan ɓace ta sake bayyana, kamar yadda takan yi in rezon Dutsi ya yi tsalle. Daga wannan kusurwar kuma, sai ka ce koriyar motar ce ta karkato kansa. Babu abin da ke nuna ƙafarsa. Wannan yana cikin kwamfutarsa shi kaɗai, inda jan layi a gefen allo ke nuna duk lokacin da aka taka birki da lokacin da aka sake shi.

Bushira ba ta rubuta komai ba.

"Baban Rahina, an gama?" Sa'a, matarsa, ta leƙo daga tsakar gida da mayafi a kafaɗa. "Inna na jiran maganinta, ka san tun jiya nata ya ƙare."

"An gama."

"To?"

"Na ci."

Ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Ke nan tafiyar Yamai ta tabbata. Bari in gaya wa Hindatu ta gyara muna ɗaki." Ya yi mata alkawari tun farkon shekara cewa in ya ci tare za su tafi, ta ga ƙanwarta Hindatu da ta haihu ba ta samu zuwa suna ba.

Suka bar Rahina gidan maƙwabta, suka hau moto, wato babur, zuwa Matankari inda mahaifiyarsa take. Damina ta zauna, gero ya fitar da kai hagu da dama. A hanya suka wuce amalanken jaki biyu ɗauke da ciyawa. Sa'a tana ta magana a bayansa kan atamfar da za ta kai wa mai jego, iska na kwashe rabin maganar. Shi dai yana jin wayar tana motsi a aljihunsa.

Inna ta karɓi maganin ta sa albarka, ta kawo musu tuwo da miyar kuka. Bai kai loma uku ba wayar ta yi ƙara. Zakari ne, shugaban kwamitin da ke duba hatsarurrukan tsere, ma'aikacin banki a Yamai, mutum mai son a gama komai cikin tsari. Jibo ya wanke hannu ya fita gindin darbejiyar ƙofar gida.

"Mushe, barka da nasara. Kwamiti zai zauna ƙarfe biyar. Ka'ida ce mu ji ta bakin kowa, don haka ka turo mini layi biyu. Ka ce rezo ya yanke maka, shi ke nan, mun gani ai."

"Ita mi ta ce?"

"Ta ce ta bar fili daidai yadda doka ta ce, ba ta ƙara komai ba. Amma bidiyon bai taimake ta ba. Mutum biyu a kwamitin suna ganin ita ta rufe hanya."

"In aka ce ita ce, mi zai faru?"

Zakari ya ce, "Tana da gargaɗi biyu a bana. Na uku dakatarwa ne, shekara guda. Ni ba na so, wallahi. Ita kaɗai ce mace a cikinmu, kuma tana cikin masu tuƙi da tsabta. Amma in na ɗaga mata ƙafa, gobe Salman zai ce ina son kai. Dakor, ka yarda? Ina jiran saƙonka."

Jibo ya zauna a kan tushen itacen. Ya tuna gargaɗin nan biyu. Ɗaya ta cancanta, ita da kanta ta amsa laifin tun kafin a tambaye ta. Ɗayan kuwa ko a lokacin bai gamsu ba, amma bai ce komai ba tunda ba shi abin ya shafa ba. Abin da ya sani game da ita bai da yawa. Tana aiki a wani farmasi, kantin magani, a Yamai, tana da 'ya'ya biyu, wani lokaci ana jin muryarsu a bayanta kafin a fara tsere. A shekara biyu sun yi gefe da gefe a kwanoni sun fi ɗari, ko fenti ba su taɓa gogar wa juna ba. In ya shiga ta ciki ya san za ta bar masa faɗin mota ɗaya, ba ƙari ba ragi, ita ma ta san haka daga gare shi. Shi ya sa ma ta bar ɗan filin nan ba ta toshe shi ba. Ba ta zaci zai shiga ba.

Ya buɗe wayar ya rubuta: *Rezo ya yanke mini kafin kwanar.* Ya duba jimlar. Babu ƙarya a cikinta, rezon ya yanke. Amma rezon ya dawo kafin Jibo ya ɗaga ƙafarsa daga birki, kuma ya ga komai sarai.

"Tuwon ya huce." Sa'a ce tsaye a kansa. "Inna na tambaya ko ba ka da lafiya. Wane irin ci ne wanga da ya hana ka cin abinci?"

Ya gaya mata. Bai iya tsara maganar ba, ya fara da birki ya koma kan doka, ya dawo kan bidiyo. Ta saurara tana murza bakin mayafinta.

"Ni ban san dokokinku ba," ta ce. "Motocin ma ba na gaske ba ne, ba wanda ya ji ciwo. Kuma na riga na kira Hindatu."

"Na sani."

"Shekara uku kana zaune a ɗakin nan kowace Lahadi. Yayanka Umaru har wa'azi ya yi maka a kai gaban mutane. Yau da za ka nuna abin ya kai ka wani wuri..." Ta tsaya. Ta kalli hanya, inda wata mata ke wucewa da tulu. "Matar nan, ta yi laifin ko ba ta yi ba?"

"Ba ta yi ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Sa'a ta saki bakin mayafinta. Daga nan ta ɗaga kai ta dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa.

"Abin da za ka nuna musu yana gida, ko? To tashi ka yi wa Inna sallama. In ruwan nan ya tare mu, ba mu isa Dutsi kafin biyar."

Yayyafi ya kama su suna hango dutsen garin. Da suka isa gida an ɗauke kuran, babu wutar lantarki, sai ya haɗa kwamfutar da batir. Ya nemo wurin karon a tseren da kwamfutar ta adana, ya ɗauki allon da wayarsa: jan layin birki ya cika, sannan ya faɗi ƙasa gaba ɗaya, sannan karon. Ya bar bidiyon ya ci gaba har inda madubi ke nuna motarta tana juyowa shi kuma yana ƙara wuta. A ƙasa ya rubuta: *Ba rezo ba ne. Na ga babu fili, na saki birki da gangan, kuma ban jira ta ba. Madam Bushira ba ta da laifi.* Bai tura wa Zakari shi kaɗai ba, a gurup ya sa.

Bidiyon ya ƙi tafiya. Ya tsaya a rabi, ɗan da'irar tana ta juyawa. Jibo ya sa wayar cikin leda, ya taka turmi ya miƙa hannu saman katanga, ruwa na dukan fuskarsa. Sa'a na tsaye bakin ƙofa tana kallon agogo. Biyar saura minti bakwai ya tafi.

Kafin magariba Zakari ya fitar da hukunci. An soke sakamakon Jibo na yau, an hana shi tsere uku na farkon shekara mai zuwa. An wanke Bushira. Amma doka ba ta mayar wa mutum matsayin da ya rasa a hanya, don haka daga ta tara ta takwas kawai ta koma. Da aka sake haɗa maki, Salman ne zakara.

Saƙonni suka sake ɓarkewa. Wani ya ce Mushe Jibo dattijo ne. Wani daga Sakkwato ya ce irinsa sun yi ƙaranci a zamanin nan. Salman ya turo murya mai tsawo, ya ce wallahi ko shi ne ba zai iya ba, ya kamata a ba Mushe lambar girma. Jibo ya bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya har ƙasa, ya sake hawa sama. Babu wanda ya ambaci sunanta.

Ya nemo lambarta a jerin 'yan gurup. Bai taɓa kiranta ba. Ta ɗauka a ƙara ta huɗu, ana jin hayaniyar yara da ƙarar cokali a bayanta.

"Madam Bushira, Jibo ne, daga Dutsi."

"Na gane muryar."

"Na kira in ba ki haƙuri. Abin da na yi..."

"Na ga bidiyon." Muryarta ba fushi, ba kuma sakin fuska. "Amma tun da hantsi na sani, Mushe. Shekara biyu ina ganin motarka a madubina. Na san yadda take yi in rezo ya yanke maka, tsalle take yi gefe. Yau miƙe ta zo."

Ya ji kunya ta rufe shi. "To mi ya sa ba ki faɗa wa kwamiti ba?"

"In ce musu me? Zakaran shekara, malamin makaranta, ya buge ni da gangan, hujjata ita ce na san shi?" Ta ɗan yi dariya gajeriya. "Kai ma ka ji abin da suka ce tun ban buɗe baki ba."

Ya kalli tsakar gida. Ruwan ya tsagaita, yana ɗiga daga indararo cikin bokiti.

"Da ka jira ni a hanya," ta ce, "da ban ji zafi haka ba, ko da mun ƙare na tara da na goma. Kowa na iya yin ganganci a kwanar ƙarshe. Jiran ne ban gani ba."

"Haka ne."

"Na gode da ka tura. Ban ce komai ya wuce ba tukuna."

"Ban zaci haka ba."

Wani yaro ya kira ta daga nesa, ta ce masa tana zuwa. Jibo ya ɗauka za ta kashe wayar.

"Tsere uku suka hana ka, ko?"

"Uku."

"To. A na huɗu, in ka zo ta ciki, zan rufe. Ka nemi wata hanyar."

Ta yi masa sallama ta ajiye. Ya zauna da wayar a hannu har ladan ya fara kira, sannan ya tashi ya ɗauki buta.