Notin Salansar Alhaji Badaru

Duk Haɗejiya babu wanda bai san Fijon Alhaji Badaru ba, fara, ƙirar 404, wadda ta girmi 'ya'yansa duka. Ita ta yi dakon kifin Guri shekara da shekaru, har yau in rana ta buge ta sai ka ji ƙarni. Masu zolaya kan ce tsakaninsa da motar ba a san wanda ke lallaɓa wani ba.

Abin damuwar shi ne idonsa. Yanar ido ta fara rufe shi, amma Alhaji ko kusa bai yarda a faɗa ba. Ranar kasuwa saura ƙiris ya take wata mai tallan nono, ya dawo gida yana faɗan mutanen yanzu ba su iya tafiya a titi ba. 'Yarsa Barira, wadda ke kula da shi tun rasuwar mahaifiyarta, hankalinta ya tashi ƙwarai. To amma wa zai dubi tsabar idon mahaifinsa ya ce masa ya ajiye makulli?

Ana cikin haka sai noti ɗaya na salansa ya faɗi a hanyar Guri, wajen da ambaliya ta cinye kwalta. Motar ta dawo tana ruri kamar injin niƙa, salansa na jan ƙasa. Barira ta ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Ta je ta roƙi Nu'uman bakanike ya ce irin wannan notin an daina yinsa, ko a Kano ba a samu. Nu'uman ya sosa ƙeya, ya zo ya faɗa wa Alhaji haka, kansa a ƙasa.

Alhaji bai yi musu ba. Ya sa aka jawo masa tsohon injin ban-ruwa da ke jibge a zaure, ya bi notinsa yana lalube, yana murzawa a yatsa, har ya sami wanda ya kwanta masa. Da hantsi ya shimfiɗa buhu, ya cire hula, ya shige ƙarƙashin mota da sifana. Barira na tsaye tana kallon ƙafafunsa, sun rame, faso duk ya tsattsage su. Tausayi ya kama ta, ga kuma tsoro, don ta san in gyaran ya yi, titi zai hau.

Gyaran kuwa ya yi, hannu bai manta aikinsa ba. Ya fito yana haki, ya shiga ya murza makulli, motar ta tashi lafiya lau, babu ruri. Murna ta cika fuskarsa. Ya ce ta buɗe masa ƙofar gida zai ɗan zaga gari.

Ta buɗe ƙyauren biyu har bango, ta koma gefe. Hasken rana ya shigo tsakar gida, ga titi nan a gabansa. Alhaji ya riƙe sitiyari, ya miƙa wuya, ya jima yana jira.

"Barira, ki buɗe mana."

"Na buɗe, Baba. Tun ɗazu."

Injin na ta aiki a hankali. Can ya kai hannu ya kashe shi, ya zare makullin, ya miƙo ta taga, ba ma wajen da take tsaye ba.

"Karɓi," in ji shi. "Ki mayar da ƙofar ki rufe."