Sunan Maman Tae-su

Tun ranar Laraba Hye-rim ta kasa zama wuri ɗaya. Ta buɗe durowa ta rufe, ta sake buɗewa, ta zuba shayin sha'ir ta bar shi ya huce, ta tafi bakin taga ta dawo ba ta ga komai ba. Duk a kan tsoho ɗaya, Baba Bong, wanda ya yi shekara talatin da takwas yana tuƙa tasi a birnin Daejeon.

Aikin nasu ba wani abin ɓoyo ba ne. Tsofaffi ne ke zuwa ɗakin bincike kwana biyar a jere. A ɗora musu na'urar maganaɗisu a gefen kai, daidai inda hoton ƙwaƙwalwa ya nuna akwai hanyar da ta shiga can ciki inda ake ajiyar abin da aka gani, ta yi ta ƙas-ƙas minti ashirin. Daga nan Hye-rim ta nuna musu fuskoki da kalmomi, ta ga nawa suka riƙe. Rabinsu na'urar gaske ake sa musu, rabi kuwa ƙara ce kawai, kuma ko ita ba ta san wane ne wane ba. Farfesa Yeom, shugaban binciken, ya kulle wannan a kwamfutarsa, shi kuwa mutum ne da ko murmushi sai ya auna yake bayarwa.

Ranar farko da aka gwada ƙarfin da zai dace da kan Baba Bong, gwajin da ake yi wa kowa da na'urar gaske kafin a raba su, babban yatsansa ya zabura shi kaɗai. Tsohon ya dube shi ya fashe da dariya.

"Ji ɗan banza! Ko izinina bai nema ba."

Ranar Laraba kuwa babu dariya. Ya ajiye mata lemo uku a tebur, ya ƙi tashi bayan an gama.

"Malama, na'urar nan tana dawo da tsohon abu, ko sabo kawai take kamawa?"

"Mu dai sabo muke aunawa, Baba. Me ya ɓace?"

Ya jima yana murza hularsa.

"Sunan matata."

Hye-rim ta ajiye biro.

"Ranar Asabar take cika shekara da rasuwa. Za mu jera mata abinci a tebur, mu rusuna, mu zuba mata giya. Shekara arba'in da tara ina ce mata Maman Tae-su. Mu mutanen da, wa ke kama sunan matarsa? Takardar da ake rubutawa a teburin ma sunan gidansu kawai ake sawa. Sai watan jiya na ce bari in na rusuna in kira ta da nata na kanta, ko sau ɗaya. Na laluba, babu."

"Ai yana jikin takardun gida. Ko ka tambayi Tae-su."

"In tambayi ɗana sunan uwarsa? Gobe ki ji ni a gidan tsofaffi." Ya girgiza kai. "Kuma in wani ne ya faɗa mini, ko na gani a rubutun wani, ai ban tuna ba ke nan. Kada ke ma ki yi mini wannan. Lungunan garin nan kaf suna kaina, 'yar nan, har na unguwannin da aka rushe. Ita ce kawai babu."

Bayan ya fita ne abin ya faɗo mata. Ta jawo fom ɗin da ya cike ranar Litinin yana sauri yana mita. A layin wanda za a kira in wani abu ya faru, ga shi nan da rubutunsa mai karkata: Pyo Ok-bun. Dangantaka, mata. Har da lambar waya. Ya rubuta ya wuce bai ko lura ba, kamar yadda ya saba rubutawa a asibiti da ofishin lasisi shekara da shekaru.

To ta yi yaya? In ta nuna masa, zai ce an faɗa masa. In ta yi shiru, Asabar za ta zo ta same shi hannu wofi. Ga shi tsohon ya sa rai kacokan a kan na'urar da wataƙila ƙara kawai take yi masa a kai. Abin ya ba ta haushi, ya ba ta tausayi, har ta ji tana jin haushin Farfesa Yeom da bai yi mata komai ba. Ranar Alhamis sau biyu tana nuna wa wata tsohuwa fuska ɗaya, sai da tsohuwar ta ce, "Malama, ko ke za a ɗora wa?"

Ranar Juma'a ta bari sai da aka gama gwajin ƙarshe, ta adana sakamakon, don kada a ce ta taɓa aikin. Baba Bong ya miƙe a sanyaye yana neman hularsa. Ba sai ta tambaya ba, sunan bai dawo masa ba.

"Baba, tsaya. Shayi ya zube a fom ɗinka, sai ka sake wani." Ƙarya ce. "Yi sauri don Allah, akwai mai jira a waje."

"Ku da fom! Mutum ya mutu ma sai kun ce ya sa hannu."

"Sauri, Baba. Ranar haihuwa. Adireshi. Bas ɗinka na ƙarfe huɗu zai wuce."

"Ni za ki koya wa lokacin bas?"

Yana mita biron yana gudu. Ita kuwa ta ƙura wa bango ido, tana jin ƙarar biron layi bayan layi. Can sai ƙarar ta tsaya.

Ta juyo. Ya kai takardar kusa da fuskarsa, ya nisanta ta, ya sake kawo ta.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Kai."

"Na'urar ce?"

Da ta ce i, da ya tafi yana sa musu albarka. Amma ƙarya ɗaya ta ishe ta a rana.

"Ban sani ba ko ta gaske aka sa maka. Ranar Litinin ma haka ka rubuta, tun ba a ɗora maka komai ba. Hannunka ne."

Ya dubi hannun, irin kallon da ya yi wa yatsan ranar farko, sai dai yau bai zage shi ba. Ya koma ya zauna a kujerar gwajin. Leɓensa ya motsa sau biyu ba sauti.

"Ok-bun," ya ce a hankali.

Sannan ya ɗago da jajayen idanu.

"Malama, ɗan fita. Ban taɓa kiranta a gaban mutane ba."