Kyamarar da Ta Sha Turare

A wani ƙauye na bakin fadama, can bayan Kirikasamma, inda ruwa kan zo har gindin danga idan damina ta yi nisa, akwai wata mata ana ce da ita Maijidda. Mijinta Bunu masunci ne. Zazzaɓi ya kwantar da shi ana tsakiyar yankan shinkafa, bai tashi ba.

Tana cikin takaba ta fara mafarkinsa, kuma kullum mafarkin ɗaya ne. Tana tsaye a bakin gaɓa, shi yana tsaye a ƙarshen kwalekwale yana tura shi da gora. Ruwa kwance luf kamar an shimfiɗa zane. Balbelu suna tashi daga cikin ciyawar kacalla ba tare da ƙarar fiffike ba. Ta san rigar da ke jikinsa, ta san tabon ƙugiya da ke ƙaurinsa. Sai dai bayansa kawai take gani. Ta kira, ba ya juyowa.

In ta farka sai ta zauna ta yi ƙoƙarin haɗo fuskarsa a ranta. Takan samo kunne, ta samo wushiryarsa, ta samo yadda girarsa ɗaya ke ɗagawa idan zai yi tsokana. Amma sun ƙi haɗuwa wuri guda, kamar fuskar mutum a randa bayan an tsoma moɗa. Abin da ke cin ta ke nan. Ba ta gaya wa kowa ba, don kunya take ji a ce mace ta zauna da mutum shekaru, ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba fuskarsa ta soma ɓace mata.

Hotonsa babu a gidan. Wanda ke jikin katinsa na shaida ruwa ya cinye tun tuni, ya zama fari fat. Sai dai akwai kyamara.

Wasu baƙi ne masu zuwa ƙirgar tsuntsaye lokacin sanyi suka bar masa ita, don shi ke tura su a kwalekwale. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi sabulun wanka ba. Bunu ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Wata rana da hantsi, yana gyaran komarsa ta kamun kifi a tsakar gida, Maijidda ta fizge ta ta ce, "Kullum dinya da zalɓe. Tsaya kai ma in ɗauke ka." Ya nuna mata inda za ta danna, ta danna. Wannan hoton ta san yana ciki.

Abu ɗaya Bunu ke yawan faɗa game da kyamarar: danshi ne ajalinta. In ya dawo daga ruwa yakan buɗe 'yan ƙofofinta, ya zare batir, ya zare wani ɗan abu kamar farce da yake kira memori, ya shanya su a inuwa su sha iska. To, ɗakin Maijidda ɗakin bakin ruwa ne, bango kansa gumi yake yi. Surukarta Yakaka, mahaifiyar Bunu, Babarbariya ce ta gidi, wadda turaren wutarta ya yi suna har Hadejia. Ita ta ce a riƙa turara kayan mamacin kowace jajibirin Juma'a, kada su yi fumfuna. Maijidda takan zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turare, ta kife kabbasa, wato kwandon da ake baza tufa a kai, ta jera rigunansa. Daga nan ta buɗe ƙofofin kyamarar yadda ta ga yana yi, ta zare memorin, ta ɗora su can sama inda hayaƙi ya fi taruwa. Haka ta yi har ta fita takaba.

Allon bayan kyamarar ya daɗe da tsagewa, ba ya nuna komai. Aka ce mata sai dai a kai Hadejia a juye hotunan a kwamfuta.

Yakaka ta ce ƙafarta ƙafar Maijidda. Suka shiga mota da safe. Hanya ta bi ta kan gaɓa, ruwa dama ruwa hagu, bado ya yi fure fari har inda ido ya tsaya. Maijidda ta riƙe kyamarar a cikin hular Bunu, hular a cikin mayafinta, a kan cinya.

Shagon yana wani lungu kusa da kasuwa. Mai shi Yunusa, wani dogon Bafulatani mai gilashi, ya sa hannu biyu ya karɓi hular.

Tun kafin su zauna ya ce, "Iya, ba sai kin faɗa ba. Tun kuna bakin titi hancina ya gaya mini bayina Barebari sun iso."

Yakaka ta ce, "Ji ɗan nema. Wa ya raba Bafillace da warin man shanu har ya san ƙamshi? Ina ka baro shanun ka zo kana taɓa kayan mutane?"

"Sun ƙoshi, Iya. Me ke tafe da ku?"

Maijidda ta ce, "Malam, hotuna ne a ciki. Na maigidana ne, Allah ya yi masa rasuwa. Guda ɗaya nake nema."

Yunusa ya bar dariya. Ya yi musu ta'aziyya, ya jawo musu benci.

Batir ya mutu, sai da aka sa shi a caji. Suka zauna jira. Fanka na juyawa a hankali a sama, inuwarta na zagaya bango. Maijidda ta ƙura wa fuskar kwamfutar ido. Shuɗiya ce, irin shuɗin fadama da sassafe, har ta ji kamar in ta miƙa hannu zai jiƙe.

Da batir ya ɗan samu, Yunusa ya nemo kebul ya haɗa kyamarar da kwamfuta. Kwamfutar ta yi wani ɗan kuka, wani rubutu ya leƙo daga ƙasa.

Yakaka ta ce, "Me ta ce?"

"Ta ce ta ji an shigo, amma ba ta san ko wane ne ba."

"To ka gaya mata mana. Ɗana ne."

Ya zare kebul ɗin ya soka a wata kafa. Kuka ɗaya, rubutu ɗaya. Ya buɗe durowa, ya kwance wani kebul daga cikin tarin da suka cukuikuye, ya gwada. Duk ɗaya.

Ya ce, "Watakila direba ce babu. Wata 'yar manhaja ce da ke yi musu tafinta. Kyamarar ta tsufa, kwamfutar sabuwa ce, ba sa jin yaren juna."

Ya shiga nema a intanet. Masu kyamarar sun daina yi wa sababbin kwamfutoci direbarta tun da daɗewa. Sai ya durƙusa ya jawo wata tsohuwar laftof daga ƙarƙashin tebur, ya hure mata ƙura, ya ce wannan sa'ar kyamarar ce, watakila su gane juna. Ya samo direbar ya sa mata. Aka haɗa. Sunan kyamarar ya fito ɓaro-ɓaro, Maijidda ta miƙe tsaye. Kafin Yunusa ya kai hannu, sunan ya ɓace. Ya sake fitowa, ya sake ɓacewa, kamar kan tsuntsun da ke nutso.

Maijidda ta koma ta zauna. A ranta ta ce, ko a nan ma ba zai juyo ba.

Yunusa ya ce, "Kada ki damu, Yaya. Ba lalle sai ta ƙofar kyamarar ba. Hotunan suna cikin memori, bari mu bi ta can."

Ya zare memorin ya zura a wata 'yar na'ura da ke karanta irinsa. Kwamfutar ta yi jim, sannan wani akwati ya fito tsakiyar fuskarta da tambaya.

Yakaka ta ce, "Yanzu kuma me take so?"

"Ta ce ba ta iya karanta shi. Wai in ba ta izini ta yi masa fomat."

"Ka ba ta mana! Tun safe muke roƙonta, yanzu ita ke roƙo."

"Iya, fomat shara ce. In na ce to, za ta share duk abin da ke ciki ta bar shi wayam."

Maijidda ba ta san lokacin da ta kama gefen teburin ba. "Malam, don girman Allah ɗauke hannunka daga wurin."

Ya ɗaga hannayensa biyu sama ta gani, sannan ya danna a'a da yatsa ɗaya. Ya zaro memorin ya kai bakin ƙofa wajen haske. Ya juya shi. Ya cire gilashi, ya mayar. 'Yan haƙoran da ke bayansa, waɗanda ya kamata su yi ƙyalli kamar zinariya, sun yi ja-ja-ja kamar haƙorin mai cin goro. Ya taɓa, yatsansa ya manne. Ya kai hanci. Ya ɗauko kyamarar ita ma ya leƙa kafar da ake soka kebul, ya shinshina.

"Yaya, a ina ake ajiye ta?"

Ta gaya masa duka: danshi, kasko, kabbasa, da ƙofofin da take buɗewa.

Yunusa ya dafe kai. "La'ilaha illallahu. Iya, ku Barebari har kyamara sai kun yi mata gyaran amarya? Ai ba direba ba ce kaɗai. Ƙaron turare ne ya bi ya liƙe haƙoran. Shi ya sa suke gaisawa su saki."

Yakaka ta ce, "Turarena bai taɓa ɓata komai ba," amma muryarta ta yi ƙasa.

Maijidda kuwa ta ƙura wa memorin ido. Ashe duk ranar da ta durƙusa gaban kasko tana ganin kiyaye shi take yi, labule take ƙara masa. Ta ce, "Na kashe shi ke nan?"

"Ban sani ba tukuna. In zafi bai yi masa yawa ba, wanki kawai yake so."

Ya ɗauko kwalbar sifirit, ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma. A hankali yake gogawa, haƙori ɗaya bayan ɗaya. Audugar ta yi ja, ya sake wata. Ƙamshin hawi da sandal ya tashi ya cika shagon, har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka ya leƙo yana tambaya ko biki ake yi. Maijidda ta rufe ido. Ƙamshin ɗakinta ne, ƙamshin rigunansa, yana fita daga ɗan abin nan yana bin iska. Ta bar shi ya tafi.

Da ya bushe, Yunusa ya ce, "Bismillah," ya mayar da shi cikin na'urar.

Wannan karon kwamfutar ba ta yi tambaya ba. Wasu 'yan tagogi suka fara buɗewa a jere, ɗaya bayan ɗaya, kowace da ruwa a cikinta.

Ya ce, "Bari in kwashe su tukuna kafin ya sake shawara." Suka zuba ido wani koren layi yana tafiya kamar hawainiya har ya kai ƙarshe. Sannan ya fara buɗe su.

Dinya a kan ruwa. Zalɓe da ƙafa ɗaya. Garken kirinjijiya sun rufe rana. Bakin kwalekwale yana tsaga bado. Maijidda ta ji bencin na lilo a ƙarƙashinta. Ba ta taɓa bin sa cikin fadama ba, ga shi yau ya ɗauke ta, yana nuna mata duk inda yake zuwa in ya fita da asuba. Ga wani tsibiri da gawo ɗaya tal. Ga hadari ya haɗo ta gabas. Ga ita kanta, daga nesa, tana wanke tukunya a bakin gaɓa, ba ta san ana ɗaukarta ba. Ga ta kuma. Ga ta kuma, da wani zanen.

Yakaka ta ce, "Ashe ba tsuntsaye kaɗai yake ƙirgawa ba."

Yunusa ya danna na gaba.

Hoton a karkace yake, rabin sama duk danga ce, kuma ta yanke masa hula. Amma ga shi nan. Koma a kan gwiwarsa, gira ɗaya a sama, baki buɗe yana gaya mata inda za ta danna. Ga wushirya. Ga kunnen. Komai ya koma mazauninsa.

Yakaka ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta sa tafin hannu ta shafa kumatunsa. Ba wanda ya hana ta.

Maijidda ba ta yi kuka ba a lokacin. Kallo kawai take yi, a hankali, daga goshi zuwa haɓa, kamar mai ɗibar ruwa da za ta yi tafiya mai nisa da shi.

Yunusa ya wanke musu hoton a takarda guda biyu, ya tura sauran a wayar wata jikar Yakaka da ke aure a garin, ya ajiye wasu a wurinsa don ko ta kwana. Da zai miƙa wa Yakaka nata ya riƙe gefe ɗaya. "Iya, alƙawari. Wannan ba a turara shi."

Ta fizge. "Sakar mini ɗana, mai warin nono."

A motar komawa rana ta yi sanyi, ruwa ya koma kalar zuma. Hoton na cikin hular, hular na kan cinyarta. Gyangyaɗi ya ɗauke ta wajen wata gada. Ta ga gaɓa, ta ga kwalekwale, ta ga bayan rigarsa yana tura gora yana nisa. Ba ta kira shi ba. Ta tsaya tana kallo har kacalla ta rufe shi, don yanzu ta san fuskar da ke gaba.