Ƙafafun Inna Azumi

Ma'aikaciyar asibitin ta sake kama sawun Inna Azumi ta ja, ƙafafun suka ƙi rabuwa. Tun jiya suke a haɗe, idon sawu a jikin idon sawu, sun sandare, alhali sauran jikin tsohuwar ya saki kamar tsumma. Likita ya ce jijiya ce. 'Yarta, Malama Saliha, ta kama maganar likita hannu biyu, don ita shugabar makarantar firamare ce a nan Kaura Namoda, ba ta son zancen da ba shi da kai.

"Ku bar wahal da kanku," in ji tsohuwar, muryarta can ƙasa. "Ba su buɗewa sai an kwance ni. Saliha, yau Alhamis. Shina kasuwar Shinkahi. In kin iske shi, ki tuɓe takalminki."

Saliha ta san wanda ake nufi, Shu'aibu, jikan waɗanda suka mallaki kakanninta, ta kuma san labarin, ko da yake ta shekara da shekaru tana yi kamar ba ta sani ba. Kakar Inna Azumi mahara ne suka sure ta tana yarinya a bakin rafi, a wani gari can kudu wanda har ta mutu ba ta iya tuna sunansa ba. Aka sa mata mari, ƙarfen da ake haɗe ƙafafun bawa da shi, aka kai ta wani rinji bayan Zurmi, irin ƙauyen da bayi ke yi wa iyayengijinsu noma. Ta haihu ta haihu, ana kwashe 'ya'yan ana sayarwa, aka bar mata mace guda. Ko da zamani ya juya aka cire marin, ƙafafunta ba su yarda an cire ba. Ta ci gaba da tafiya da gajeren taku tana jan sawu, 'yarta ta koyi tafiya a bayanta, Azumi ma ta koya a bayan tata uwar.

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar tsohuwar ta rasa sukuni. Ta ce tunda an koma kan doka, to ita har yanzu dukiyar mutane ce, don babu wanda ya taɓa buɗe baki ya 'yanta zuriyarsu, kuma in ta mutu a haka can ma bautar za ta tarar. Saliha ta ɗauko mata limamin unguwa. Ya yi mata bayani tiryan-tiryan cewa wanda aka sato ba bawa ba ne tun farko, ba mai iko da ita sai Allah. Tsohuwar ta yi godiya, ta ba shi goro. Yana fita ta ce yaro ne, bai san komai ba.

Haka Saliha ta shiga motar mata zalla zuwa Shinkafi, ranta a ɓace, ga hadari ya haɗu ya ƙi zuba. Ta yi tambaya a kasuwa aka yi ta nuna mata gaba, har bayan inda ake cinikin jakuna. Ta zaci za ta tarar da mai babbar riga. Wani ramammen tsoho ta gani a kan buhu, da koɗaɗɗiyar taguwa da hakiya a ido guda, ya baza igiyoyi a gabansa. Dabaibayi yake sayarwa, igiyar da ake haɗe ƙafafun jaki da ita don kada ya yi nisa. Har ta ji tausayinsa. Ta tsaya da takalmanta a ƙafa, ta buɗe baki za ta yi sallama.

"Saliha," ya ce, bai ko daina tufkar da yake yi ba. "Ɗiyar Azumi, ɗiyar Ladidi, ɗiyar Baƙuwa. Sannu da hanya."

Ta ja da baya. "Malam Shu'aibu, ina ka san ni?"

"Tahiyarki nag gani tun daga nesa."

"Tafiyata irin ta kowa ce."

"To," ya ce, da sanyin murya. "Mun ji kin samu ɗiya mace, Muhsina. Allah shi raya muna ita."

Da a ce da gadara ya yi maganar, da ta san yadda za ta yi da shi. Amma cikin ladabi ya faɗa, kamar manomi na tambayar lafiyar shuka. Ta gaya masa abin da ya kawo ta a taƙaice. Bai nemi komai ba. Ya naɗe igiyoyinsa, ya yi tari mai tsawo har sai da ya dafa ƙasa, ya ce gara da ta zo yanzu, don shi kaɗai ya rage a gidansu, bai haifu ba, 'yan'uwa duk sun riga shi.

Ta ɗauki shatar tasi. A hanya 'yan agaji suka tsayar da su, wani mai ɗan gemu ya leƙo yana tambayar mene ne tsakanin wannan mata da wannan dattijo.

"Ta gidanmu ta," in ji Shu'aibu.

Aka ba su hanya har da ban haƙuri. Saliha, wadda ke tsawata wa malamai maza a gaban ɗalibai, ba ta ƙaryata shi ba, kuma abin ya yi mata ciwo har suka shiga Kaura.

Inna Azumi na ganinsa ta fara kokawar sauka daga gado don ta durƙusa, sai da aka riƙe ta. "Ranka shi daɗe," take cewa, "ranka shi daɗe." Shekarunta sun fi nasa nesa ba kusa ba. Saliha ta kau da kai don kunya da takaici.

Shu'aibu ya sa aka kira masu jinya maza biyu daga ɗakin da ke kusa. Ya tsaya a ƙarshen gadon, ƙullin igiyoyinsa a hammata. "Ku shaida," ya ce. "Ni Shu'aibu, na 'yanta Azumi ɗiyar Ladidi, don Allah. Ba mu bin ta komi, duniya da lahira."

Wani abu ya yi ƙara a kan siminti, 'yar ƙaramar ƙara irin ta ƙarfe. Ma'aikaciyar ta duƙa ta duba ƙarƙashin gado, ta ce ƙila cokali ne, amma ba ta ɗago da komai ba. A kan katifa ƙafafun tsohuwar suka rabu a hankali, kowace ta kwanta gefenta. Ta motsa yatsunta tana kallon su, hawaye na gangara cikin kunnuwanta.

"Saliha hwa?" ta ce. "Ranka shi daɗe, ga Saliha."

"Ni ba baiwar kowa ba ce, Inna!"

Muryarta ta cika ɗakin, masu jinyar suka sunkuyar da kai. Shu'aibu ya dube ta da idonsa mai gani, babu fushi ko kaɗan. "Ba tilas," ya ce. "Ina nan kowace Alhamis, in da sauran kwana." Ya ƙi karɓar ko kuɗin mota, ya fita yana tari.

Saliha ta gyara wa uwarta mayafi, ta fito baranda don ta sha iska. Gari ya yi duhu da hadari, asibitin ya yi tsit. Sai ta ji sautin, wanda ta tashi da shi tun tana goye: silifa na jan siminti, taku gajere, taku gajere. Ta waiga ɗakin da sauri. Tsohuwar na kwance tana barci.

Daga can ƙarshen barandar sautin ke zuwa. Muhsina ce ta taso daga gida, da hijabinta da kwanon abinci a hannu. Yarinyar ba ta taɓa jin sunan rinjin ba, Saliha ta tabbatar da haka. Tana tahowa tana murmushi, ƙafafunta ba su wuce tazarar taƙi guda da juna.

A bakin ƙofar asibiti tsohon ya tsaya ya dafa bango, tarin ya sake turnuƙe shi. Alhamis mai zuwa ta yi wa Saliha nisa ƙwarai.

"Malam Shu'aibu!" ta kira. "Dakata!"

Ta kama hannun yarinyar suka nufe shi. Sai da tsakuwa ta soke ta a tafin ƙafa ta lura ta baro takalmanta a baranda.