Koren Fenti a Kan Famfonmu

Ranar da ma'aikatan lafiya suka shafa wa famfonmu jan fenti, suka ce ruwansa da guba, mijina Mokbul ya je ya sayo koren fenti. Washegari ya shafe jan da kore, launin famfo mai kyau.

Na ce, "Haba Baban Tumpa, fenti ne zai kashe gubar?"

"Rufe mana baki! Wa zai auri 'yar gidan jan famfo?"

Famfon kirki yana gidan wansa, sun kuwa daina magana tun rabon gona. Ruwan tafki kuma gudawa yake sa 'yarmu Tumpa.

Yau Tumpa ta dawo daga makaranta, ta nuna min baƙaƙen ɗige-ɗige a tafin hannunta, irin waɗanda ma'aikatan suka ce alamar gubar ce. Sannan ta miƙo min kofi.

"Umma, ƙishi nake ji."