Tsagar Kunne

Ni dai matsalata guda ce, bakina ba ya riƙe abin daɗi. Ranar da kwamfutata ta nuna min casa'in da tara cikin ɗari, kafin la'asar na faɗa wa Baba, kafin magariba kuwa duk layinmu a Ƙaura Namoda an ji cewa Saudat ɗiyar Dalhatu dillali ta gama da boko.

Aikin digirina na biyu ne. Akwai furotin, wasu ƙananan sinadarai a jiki, da ke sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro. Ni kuma ina koya wa kwamfuta ta gane su daga tsarinsu. Sai in nuna mata dubbai, wannan yana yi, wannan ba ya yi, sannan in ɓoye amsa in gwada ta da wasu. Casa'in da taran nan, yawan waɗanda ta gane daidai ke nan. Ba haka kawai na zaɓi aikin ba. Shekara biyu ke nan gyambon ciwon suga a ƙafa ya hana Baba shiga kasuwar shanu, likita ya ce jini ne ba ya isa wurin. Ranar Alhamis zan aika wa malamina, Dakta Ladan, sakamakon, shi zai ce ko na isa in tsaya gaban masu jarrabawa.

Washegari da hantsi ina sake masa bandeji, sai ya ce, "Waɗanda kika gwada ta da su, daga ina kika ɗebo su?"

"Tari guda ne, Baba. Na koyar da ita da wasu, na ajiye wasu."

"Garke guda ke nan."

"Haba Baba, furotin fa ake magana, ba shanu ba!"

Ya yi dariya. Ya ce lokacin da yake koyon dillanci wurin kawunsa Maigari a Kasuwar Daji, ba ya kuskuren saniya mai nono, har ya fara hura hanci. Sai Maigari ya ɗora shi a mota ya kai shi kasuwar Shinkafi, inda bai san saniyar kowa ba.

"Cikin goma, shida na gane," in ji shi. "Ashe ba saniya nake kallo ba, tsagar kunne nake kallo. Na san shanun garken mutanen Banga masu tsaga biyu a kunne jinin nono ne, iyakar ilimina ke nan."

Wallahi raina ya ɓaci. Na shiga ɗaki na buɗe kwamfuta don in ƙaryata shi. Ashe furotin ma dangi gare su. Wa yana cikin na koyarwa, ƙane yana cikin na gwaji, tsarinsu kusan ɗaya. Munafukar na'urar nan dangi kawai take ganewa.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in aika casa'in da taran in ja bakina in yi shiru. Ƙila ba wanda zai tono. Amma kullum da safe ni ke kwance bandejin nan, kuma na san wata rana wani zai iya ɗaukar jerin da kwamfutata ta fitar ya tafi neman magani da shi. Sai na sake rabo, kowane dangi gefe guda, na gwada ta da baƙi zalla. Ta ba ni saba'in da ɗaya. Na yi kuka sosai.

Ranar Alhamis na durƙusa gabansa da ruwan ɗumi na faɗa masa.

"Saba'in da ɗaya a baƙuwar kasuwa? Ai kin fi ni da saniya guda. Aika musu. Mutanen layi kuwa ni na ruɗa su, ni zan gyara."

Ya nuna gyambon da yatsa.

"Saudatu, cikin waɗanda ta gane, akwai na ƙafar nan?"

"Ban sani ba tukuna, Baba."

"To, wannan amsar na yarda da ita. Ɗaure min a hankali."